Sitek a kaskon gida: me ya sa yake fitowa kamar fatar ganga?

Ranar da na fara gwada soya sitek a gida, na bi wani bidiyo sau da ƙafa. Minti uku wannan gefe, minti uku wancan, ga man shanu ga tafarnuwa, har da karkata kasko ana ɗiban mai da cokali ana kwarara wa naman. A ido dai ya yi kyau. Da na kai wa gwaggona nata, ta gatsa, ta tauna, ta ƙara taunawa, can sai ta ajiye ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, nama ka ba ni ko fatar ganga?"

Na daɗe ina ɗora laifin a kan hannuna. Sai daga baya na gane mai bidiyon bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi a kan abin da yake ganin kowa ya sani. Bai faɗi irin saniyar da aka yanka masa ba, bai faɗi kwana nawa naman ya yi kafin ya zo hannunsa ba, ni kuma ban lura da kaurin kaskonsa ba.

Sitek dai yanka ne na nama mai faɗi da kauri, galibi na sa, da ake gasawa ko a soya cikin 'yan mintoci. Abincin Turawa ne. Kalmar ta shiga Ingilishi daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma asalinta yana da alaƙa da gasa nama a tsinke, wato in an bi salsala ɗan'uwan tsire ne. Faransawa suka ara suka ce biftek. Amma babban abin da ya raba shi da suyar naman da muka saba shi ne ba a tafasa shi. Mu a gida sai an sulala nama da albasa da kayan ƙamshi ya yi laushi, sannan a tsame a jefa a mai. Tafashen ne ke yin aikin laushi, suyar ta ba da launi da ɗanɗano, ta kuma sa naman ya kwana biyu bai lalace ba. Sitek ya tsallake tukunya gaba ɗaya. Saboda haka duk wani laushi da ake nema dole ya riga ya samu tun kafin naman ya taɓa kasko, domin minti shida ko takwas a kan wuta ba sa tausasa komai.

Abin da ke sa nama tauri mafi yawa jijiya ce da tantanin da ke naɗe da zaren tsoka. Da wani furotin ake gina su, ana ce masa kolajin. Idan ya daɗe a ruwan zafi sai ya narke, shi ne danƙon nan da romon ƙafar sa ke yi idan ya huce. Amma awoyi yake so. A cikin gajeren zafi mai tsanani tsukewa yake yi, ya matse tsokar, ya tatse ruwanta. Kuma gwargwadon shekarun dabba da wahalar da tsokar ta sha, gwargwadon ƙarfin wannan jijiya.

To a duba saniyar mai bidiyo. A Amurka yawancin shanun nama ba sa cika shekara biyu ake yanka su, bayan sun yi watanni a killace ana ɗura musu masara. Nau'o'i irin su Angus an daɗe ana zaɓensu don kitsen da ke ratsa cikin tsoka kamar farin zare, har ma'aikatar noma ta ƙasar da yawan wannan kitse take raba darajar nama. Japan ta kai abin maƙura da shanunta na Wagyu. Wannan kitse yana narkewa a kasko ya jiƙa naman daga ciki, ko an ɗan wuce da shi a wuta yana rufa wa mai girki asiri. Namu kuwa, Bunaji ne da Rahaji da Bokolo da Azawak, shanu masu tozo da suka yi shekaru suna taka ƙasa neman ciyawa da ruwa. Sau tari sai saniya ta gama haihuwa, ko sa ya gama huɗa, sannan a kai su kara. Kitsensu ba ya shiga tsoka sosai. Ɗanɗano kam akwai shi, ni a wurina ya fi na waje nesa ba kusa ba, amma ba nama ne mai yafiya ba. Wanda ya samu san turke, wanda aka ɗaure ana ba shi dusa da harawa, ya rage wa kansa rabin aiki.

Daga nan sai wurin da aka yanko. Tsokar da ba ta aiki ita ce mai laushi. Cinya, kafaɗa, wuya, ƙirji, sha-raɓa, duk na miya ne da farfesu, kuma a can sun fi kowa daɗi. Na kasko biyu ne. Akwai doguwar tsokar da ke kwance ta ciki a ƙarƙashin ƙashin baya, kusa da ƙoda, wadda ake ce wa file. Guda biyu ce tak a jikin saniya, shi ya sa take tsada, kuma masu gidajen abinci kan riga kowa. Sai tsokar gadon baya, wadda ta bi ƙashin baya dama da hagu daga haƙarƙari zuwa ƙugu. Ba ta kai file laushi ba amma ta fi ta ɗanɗano. Abin da nake yi shi ne in je wurin mahauci da sassafe kafin ya fara daddatsawa, in nuna masa wurin da hannu, in ce ya cire min guntu guda kada ya sara. In aka bar shi da al'adarsa, kafin ka ankara ya mayar da shi gutsattsarin miya. A gida sai a sa wuƙa mai kaifi a feɗe farin tantanin nan mai sheƙi da ke bayan tsokar, a yanka a gicciye, kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku, kamar yatsu biyu a haɗe.

Inda gizo ya fi yin saƙa shi ne kwanan nama. Mun tashi da cewa naman da aka yanka yau shi ne nama, kuma a ƙasar zafi wannan hikima ce. Amma bayan yanka da wasu awoyi tsokar dabba takan sandare, a sa kuwa takan ɗauki kusan kwana guda kafin ta gama. Naman da aka yanka da asuba, aka saya da hantsi, aka soya da yamma, an kama shi ne daidai lokacin da yake kan ganiyar taurinsa. Sai bayan nan ne wasu sinadarai da ke cikin tsokar kanta suke fara warware zarenta a hankali. Shi ya sa a Turai da Amurka ake ajiye nama a ɗakin sanyi mako biyu, uku, har huɗu kafin a sayar. Ƙarin rashin sa'a, an tabbatar cewa shanu masu tozo suna da yawan wani sinadari da ke taka wa wannan aiki birki, don haka naman namu ya fi nasu bukatar kwana, shi ne kuma ba ya samu.

A gida ana iya yin ƙaramin kwatankwacin haka. A ɗora guntun naman a kan 'yar raga da faranti a ƙarƙashi, a sa a can ƙasan firiji inda ma'aunin zafi bai haura digiri 4 na Celsius ba, ya yi kwana uku zuwa biyar. Sharaɗi biyu ne, kuma ba na wasa ba: wuta ta tsaya, naman kuma ya zama an ɗauko shi da wuri, ba wanda ya yini a kan tebur rana na dukansa ƙuda na bi ba. In ɗayan biyun bai samu ba, a haƙura. Wani kuskuren da ake yawan yi, musamman da Babbar Sallah, shi ne cusa nama a firiza da ɗuminsa. Tsokar da ta ƙanƙare kafin ta gama sandarewa takan ƙanƙance ta yi tauri idan aka narkar da ita, ta kuma zubar da ruwa mai yawa. Gara ya kwana a firiji tukuna.

Wanda ba shi da halin jira, ya sauya dabara. A yanka naman siriri, bai kai santimita guda ba, a shimfiɗa leda a kai a bubbuga da taɓarya ƙarama ko bayan wuƙa har zaren ya karye. Ana kuma shafa masa gogaggiyar ɗanyar gwanda, ko a naɗe shi da ganyenta, domin ƙaronta yana cin furotin. Sai dai a waje yake aiki, ba ya shiga ciki, kuma in ya wuce rabin awa bayan naman yakan yi laɓo-laɓo. Irin wannan siririn yanka minti ɗaya kowane gefe ya ishe shi.

A kan kasko kuma, abu biyu ake nema a lokaci guda, kuma ba sa ga maciji da juna. Ana son bayan naman ya soyu ya yi ja-ja mai duhu, ana son cikinsa ya nuna a hankali bai bushe ba.

Wannan launi da ƙamshi da ke tashi idan nama ya ji wuta, wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana tushensa a 1912. Furotin da ɗan sukarin da ke jikin abinci ne suke haɗuwa a cikin zafi su haifi ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi. Shi ne a bayan burodi, shi ne a gasasshiyar gyaɗa, shi ne ke janyo mutum daga nesa zuwa tukubar mai tsire. Amma ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. Ruwa kuwa a buɗaɗɗen kasko ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai danshi a bayan naman, zafin wurin yana nan a tsaye a 100 har sai ruwan ya ƙone. Kuma ƙonar da ruwa ba ƙaramin cin wuta ba ne: mayar da cokali guda na ruwa tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na abin da zai ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Kafin a gama wannan yaƙi, cikin naman ya riga ya wuce, bayansa kuma yana nan fari-fari kamar sulalle.

Ba zan ce kada a wanke nama ba, duk wanda ya san kasuwa zai wanke. Amma a goge shi da tsumma mai tsabta ko takardar kicin har sai ya bushe ƙarau. Kuma kada a cika kasko. Nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, in aka jera yanka huɗu manne da juna sai su haɗu su yi romo. Ɗaya ko biyu, da tazara tsakani.

Gishiri ma da ruwa yake da alaƙa. Da an barbaɗa, cikin 'yan mintoci sai ya janyo ruwa ya taru a bayan naman. In aka ba shi kamar minti arba'in zuwa sama, ruwan gishirin yakan koma ciki ya ratsa. Don haka ko dai a sa ana gab da ɗorawa, ko a sa tun da wuri, in da hali tun daren jiya a bar shi a firiji a buɗe. Tsakanin nan, minti goma ko sha biyar, shi ne mafi muni. Yajin ƙuli kuwa, duk da son da nake masa, ba a shafa shi kafin suya. Ƙuli da barkono da garin tafarnuwa ƙonewa suke a zafin da sitek ke so, su bar ɗaci. Mai tsire yana tsira ne don naman nasa yana gefen wuta, ba manne da ƙarfe mai zafi ba. A ajiye yaji sai a faranti.

Kaskon da ake so mai nauyi ne, na baƙin ƙarfe mai kauri. Ba don ya fi saurin ɗaukar zafi ba, a gaskiya ma alminiyum ya fi shi. Amfaninsa shi ne in ya ɗauka ya riƙe, ko an ɗora masa nama mai sanyi ba ya sarewa. Kasko marar kauri da nama ya sauka sai ya huce, ka ji ƙarar ta mutu, ruwa ya fara tsattsafowa. Irin kaskon nan mai baƙin shafi da abinci ba ya kamawa bai dace ba, domin shafin yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260, kuma kasko fanko a kan wuta ba ya daɗewa ya kai can. A bar baƙin ƙarfe a kan wuta kamar minti biyar. In aka ɗiga ruwa ya dunƙule yana yawo kamar ƙwallo maimakon ya ƙone nan take, ya yi. Kurfoti mai garwashi ja yana wannan aiki fiye da ƙaramin kan gas, kuma tunda hayaƙi ba makawa, tsakar gida ta fi kicin.

Mai kaɗan ake sawa, cokali ɗaya ko biyu, ba irin na ƙosai ba. Tataccen man gyaɗa yana jure zafi. Soyayyen man shanu ma haka, tunda an riga an ƙone ruwansa an tace gasarar nonon. Ɗanyensa ne da bota ba sa jurewa, su sai a minti na ƙarshe, bayan an rage wuta, a jefa tare da tafarnuwa biyu da aka ɗan fasa, a karkata kasko a riƙa kwarara wa naman. Na taɓa soya kitsen tozo ya tsatso mai na yi amfani da shi, kuma ban ga abin da ya kai shi ba.

A shimfiɗa naman daga gabanka zuwa can, don kada mai ya fallatso maka. A ɗan danna shi ya kwanta, sannan a ƙyale shi. Da farko zai kama kasko, in aka ja shi a lokacin sai ya yage. Bayan minti ɗaya da rabi ko biyu zai saki da kansa. Daga nan ana ta jayayya: wasu sun ce sau ɗaya ake juyawa, in ka ƙara ka ɓata. Ni ban ga hujjarsu ba. Juyawa kowane rabin minti ko minti guda yana sa zafi ya shiga ta ɓangarorin biyu daidai, cikin ya nuna bai-ɗaya, kuma bayan yana yin launinsa.

Akwai wata magana da ake ta nanatawa, wai zafin farko yana toshe ƙofofin nama ya kulle ruwansa a ciki. Babban masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, shi ya yaɗa ta a 1847, masu girki suka karɓa suka riƙe fiye da shekara ɗari. Kunne kaɗai ya isa ya ƙaryata ta. Wannan ƙarar "caaa" da ake ji daga farko har ƙarshe, ruwa ne ke fitowa yana ƙonewa. Ɓawon da ya soyu ɗanɗano yake bayarwa. Abin da ke yanke yawan ruwan da zai rage shi ne zafin da tsakiyar naman ta kai. Daga wajen digiri 50 furotin ɗin tsoka ke fara daskarewa, a wajen 60 jijiya ta fara tsukewa, in an haura 66 zuwa 70 sai tsokar ta matse ƙwarai ta bushe. Tazarar da ke tsakanin nama mai ruwa da fatar ganga ba ta kai digiri goma sha biyar ba, a kasko mai zafi kuwa wannan minti ɗaya ne ko biyu.

Turawa suna da matakai. Mai jan ciki sosai wajen digiri 50 zuwa 52, wanda suka fi yabo 54 zuwa 57, matsakaici 60 zuwa 63, nunanne sarai 70 zuwa sama. A nan ne Bahaushe kan ja tunga, ya ce shi ba ya cin jini. Gaskiyar magana, jan ruwan da ke fita daga sitek ba jini ba ne. Jini ya tafi tun a mayanka. Ruwan tsoka ne gauraye da wani furotin mai suna mayogulobin, wanda ke ajiye iskar numfashi a cikin tsoka, shi ne ma ya sa naman sa yake ja. Ƙirjin kaza fari ne don ba shi da shi da yawa, alhali yanka ɗaya aka yi musu.

Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya bi Turawa zuwa mai jan ciki da naman kasuwarmu, kuma dalilina daban ne. Ƙwayoyin cuta galibi a bayan nama suke, zafin kasko yana gamawa da su. Shi ya sa niƙaƙƙen nama, da aka cakuɗa waje da ciki, sai ya kai digiri 71, kuma shi ya sa tsattsaga sitek da cokali mai yatsu don kayan haɗi su shiga ba dabara ba ce, tura ƙazantar waje ciki ake yi. Amma tsila ba a waje take ba. 'Ya'yanta a cikin tsokar saniya suke zama, kamar ƙananan ƙuraje farare, kuma ba kowane nama ne likitan dabbobi ya duba kafin ya iso tebur ba. Ma'aikatar noma ta Amurka kanta digiri 63 ta ba da shawara ga guntun nama, a kuma bar shi ya huta minti uku. A nan nake tsayawa. A 63 cikin yana da ɗan sauran ja kaɗan, ruwansa bai gudu ba. Mai juna biyu, ƙaramin yaro, tsoho da marar lafiya, a nunar musu sarai, a yanka musu siriri.

Ta yaya za a san an kai? Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa a nama shi ne kaɗai ba ya ƙarya. A soka ta gefe har tsakiya. Dabarar nan ta danna nama a kwatanta da tudun tafin hannu, hannuwa ba ɗaya ba ne, shanu ma haka. In babu ma'auni, a ɗan tsaga da bakin wuƙa a leƙa, ruwan da za a rasa bai taka kara ya karya ba. A sauke kafin a kai inda ake so, a wajen 58 ko 60, domin zafin da ke bayan naman yana ci gaba da shiga ciki bayan an sauke, yakan ƙara digiri uku zuwa biyar. A bar shi minti biyar a kan katako, kada a kife shi da murfi ya yi gumi ɓawon ya jiƙe.

Wajen yanka a duba inda zaren tsoka ya miƙe, a gitta shi da wuƙa. Da naman namu wannan kaɗai yana iya raba mai yabo da mai tsaki, don wuƙa ta yi wa haƙori aikin da zai sha wahala a kai.

Kada a yi saurin kai kaskon wurin wanki. Baƙi-baƙin nan da ya kama a gindinsa, in dai bai ƙone ba, shi ne mafi daɗin abin da aka soya. A rage wuta, a zuba yankakkiyar albasa ta yi laushi, a kawo rabin kofi na romo ko ruwa a zuba, a kankare da cokalin katako har ya narke ya ɗan yi kauri. Faransawa giya suke zubawa a nan don tsaminta. Ruwan tsamiya cokali guda ko matsin lemon tsami yana yin aikin. A juye ruwan da naman ya tsatso a kan katako a ciki, a daka masoro a barbaɗa, a sauke.